Gawon Gonar Babanka Shi Ne Hujjarka

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina miƙa gaisuwa ga iyayenmu maza da mata na Matameye da Kance, da mutanen Dungu, Tsauni, Yawuri, Kurni, Ishirnawa, har Ɗan Barto bakin iyaka, da ƴan'uwanmu na ƙasar Daura in muryarmu ta tsallaka ta iske su. Samarin da ke zaune a fada yanzu, butar shayi na kan gawayi, ku ɗan rage hira ku matso da rediyo. Ƴan matan da ke tsakar gida, ku ma haka. Shirin yau da ku nake.

Tambayar da na zo da ita ita ce: yaya za a horar da matashi har ya iya tsayawa gaban magabata ya yi maganar sauyin yanayi, maganar tasa ta sa a gyara doka, ko a ware kuɗi, ko a sake yadda ake gudanar da wani aiki?

A ƴan shekarun nan an yawaita kiran matasa taron horo kan wannan batu. A tara su kwana biyu ko uku a Damagaram ko Yamai, a yi musu bayani da Faransanci, a ba su riga da hula da takardar shaida, a sallame su da kuɗin mota. Ban raina wannan ba, domin akwai waɗanda a irin wannan zaman idonsu ya buɗe. Abin da ke damuna shi ne, yaro ya dawo gida ya iya labarin ƙanƙarar da ke narkewa can ƙarshen duniya, amma in ka tambaye shi gawo nawa ne a gonar gidansu, ko wace rana ruwan shuka ya sauka bara, sai ya yi shiru. Wanda bai san wannan ba, ko gaban shugaban ƙasa aka kai shi, maganar wasu zai maimaita. Alhali ɗan gundumar Kance yana da abin da masana ke tasowa tun daga Turai da Amurka don su gani da idonsu.

Bari mu koma baya kaɗan, don ƙannenmu su san abin da iyayensu suka yi. Duk dattijon da ya haura sittin ba sai an ba shi labarin farin 1973 da 1974 ba, balle na 1984, shekarar da aka laƙaba wa suna El-Buhari saboda yunwa ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A wancan zamani manomin da ake yabo shi ne wanda gonarsa take fetal, ba ko kututture. Doka ma ta taimaka wajen hakan. Dokar gandun daji ta 1974, wadda ta gaji tsarin Turawan mulkin mallaka, ta bar itatuwa masu daraja a hannun hukuma. Gawo ya tsiro a gonarka, ka yi ta renonsa, ranar da ka sare masa reshe sai ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa tumɓuke tsiron tun yana ɗan ƙarami, kafin ido ya kai gare shi. Gonaki suka zama fili, iska ta samu hanya. Hatsi na kunno kai, iskar farkon damina ta kwaso rairayi ta binne shi ko ta yanke shi, sai an sake shuka sau biyu, sau uku, har iri ya ƙare a rumbu. Mata kuwa suka koma girki da kara da kashin shanu, abin da ya kamata a bar wa gona ta ci.

A 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya da ke aiki a Maradi, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura da wani abu da kowa ke takawa kullum. Ƴan tsire-tsiren nan da ake sassabewa kowace bazara, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa tana neman a ƙyale ta. Daga nan aka samu abin da ake kira sassaben zamani. Ka iske kututturen kalgo ko sabara ya fito da tsiro goma. Ka zaɓi biyu, ko uku, ko har biyar da suka fi miƙewa da ƙarfi, ka bar su, ka cire sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu, da lauje ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu kan ɗaura ɗan ƙyalle a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Ke nan. Ba sayen dashe, ba ban ruwa, ba shinge. A yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci a ƙauyukan Maradi, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa sun sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu su ne maƙwabta suka dawo suna leƙa gonakinsu bayan ƴan shekaru.

A nan wajenmu, Magarya da Matameye da Mirya, gawo ne ya ja gaba, kuma mafi yawan aikin manoma ne suka yi shi da kansu, wannan na koyi da wancan. Ku dubi halin gawo. Damina na kamawa sai ya zubar da ganyensa, ya bar wa hatsi rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Rani na shigowa, lokacin da sauran itatuwa suka yi tsirara, sai ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar taki a wurin, a cikin takin kuma akwai irin wani gawon. Babu manomin da bai san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili cika ba. Tarihin baka na Damagaram ma yana cewa tun zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, akwai hukunci mai tsanani kan mai sare gawo.

Sama da shekara ashirin ana wannan aiki, amma a takardun duniya ana rubuta cewa hamada na cinye Nijar. Sai a 2006 wani masanin itatuwa ɗan ƙasarmu, Mahamane Larwanou, tare da abokan aikinsa, cikinsu da Chris Reij ɗan Holan, suka zagaya gundumomin nan uku, suka ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 1 ne manoma suka mayar wa itatuwa. Wani masani na Amurka, Gray Tappan, ya jera hotunan sama na 1975 kusa da na tauraron ɗan'adam na wajen 2005, aka ga ƙauyukan da jama'arsu ta ninka amma itatuwansu sun fi na da yawa nesa ba kusa ba. Da aka haɗa Maradi da Damagaram, lissafi ya kai wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin hatsin da aka ƙiyasta ya kai tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba Tony Rinaudo da Yacouba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso, wata babbar lambar yabo a Suwidin.

Doka fa? Doka ta biyo sawu ne sannu a hankali. A 1993 aka kafa tsarin dokar karkara, wanda ya san da haƙƙin gado da na gargajiya kan gona. A 2004 aka sake dokar gandun daji. Sai ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan renon itatuwan da suka tsiro da kansu, wadda ta amince cewa manomin da ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa, bisa ƙa'idojin da aka shimfiɗa. Ku lissafa: daga 1983 zuwa 2020 shekara 37 ke nan. Na tabbata da a ce kowane ƙauye yana da matasa masu ƙirga itatuwa suna rubutawa suna kai wa hukuma, da jiran bai kai haka ba. Aikin iyayenmu ya daɗe a ɓoye ne don ba a samu mai ƙidaya shi ba, kuma abin da ba a ƙidaya ba ba ya shiga takardar da ake yanke shawara a kanta.

Shi ya sa a ganina horon matashi daga littafin rubutu da alƙalami yake farawa. Sai kuma ma'aunin ruwan sama, ɗan mazubin nan na roba mai layuka a jiki. A kafa shi kan sanda a fili, nesa da itace da katanga. Kowace safiya, a lokaci ɗaya, ka sunkuya har idonka ya yi daidai da bakin ruwan, ka karanta milimita nawa ne, ka rubuta tare da kwanan wata, ka zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma ka rubuta sifiri, kada ka bar gurbin haka nan, domin sau da yawa kwanakin da sama ta ɗauke ana tsakiyar damina, hatsi na fitar da kai, su ne ke kashe gona, ko da jimillar ruwan shekara ta yi kyau. A shafi na gaba ka rubuta ranar shuka, da wanda ya yi binne, da sau nawa aka sake shuka. Da kaka ka rubuta dami nawa aka ɗaure a gona mai itatuwa, nawa a wadda ba ta da su. Ka auna rijiyar gari da igiyar guga, gaba nawa a watan Janairu, gaba nawa a watan Mayu. Ka rubuta kuɗin tiyar hatsi da kaka, ka sake rubutawa a watan Agusta. Ka tambayi masu lambu da masu noman rake a kwarin Korama yadda ruwan fadama yake yi musu. In ruwa ya yi gyara, ka bi gida-gida ka ƙirga ɗakunan da suka faɗi da rumbunan da suka jiƙe.

Ƴan mata, ƙannena, rabin wannan littafin a hannunku yake. Namiji ba zai iya faɗin awa nawa ake ɓatawa wajen neman itacen girki ba, ko nawa buhun kuka ke kawowa, ko wata nawa tukunyar gida ke komawa hawa sau ɗaya a yini. Ku ne ke shiga gidajen da saurayi ba ya shiga. Duk ƙungiyar matasan da ta je gaban hukuma babu ku, labarinta rabi ne.

Wannan littafi kuma yana da inda zai je. A ƙauyuka da dama na ƙasar nan akwai kwamitin sa ido kan alamun yunwa da bala'i, wanda ke aika rahoto ƙaramar hukuma, daga nan ya hau zuwa gunduma da jiha. Matashin da ya iya rubutu, ya shiga wannan kwamiti ya riƙe masa alƙalami. In babu shi a garinku, to ga buƙata ta farko da za ku kai.

(Kiɗa kaɗan)

Masu saurare, akwai wani darasi mai wuya da nake so duk mai horar da matasa ya tsaya a kansa, shi ne faɗin gaskiya ko da ta rage wa magana armashi. Wani bincike na malaman jami'ar Yamai ya nuna cewa a 2011, shekarar da damina ta gaza a sassa da yawa na Nijar, gundumar Kance ta samu rarar hatsi ta kusan tan 14,000, kuma sun danganta hakan da yawan itatuwan gonaki. Abin alfahari ne. Amma shekara biyu bayan haka, a ƙarshen watan Oktoba 2013, aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7, kuma akasarinsu ƴan nan gundumar ne. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Akwai masu saurarenmu yanzu da suka rasa nasu a wannan tafiya.

Yaya gundumar da ke da rarar hatsi matanta za su goya yara su nufi Tamanraset ta Aljeriya? Amsar tana cikin gonakin da gado ya yi ta rarrabawa har suka koma ƴan filaye, da gonar da aka jinginar aka kasa fansa, da hatsin da aka sayar da kaka da arha don biyan bashi, aka dawo ana sayensa da tsada cikin damina. A ƙidayar 2012 gundumar nan tana da kusan mutum 400,000, tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a ƙasar. Sauyin yanayi ya zo ne ya ƙara nauyi a kan waɗannan. Matashin da ya ɗora komai a kan sauyin yanayi, ranar da ya haɗu da ma'aikacin da ya san aikinsa, cikin minti biyar za a rushe masa magana, kuma gobe ko ya zo da gaskiya ba za a saurare shi ba. Ya koyi rarrabewa: wannan na sama ne, wannan na kasuwa ne, wannan na rabon ƙasa ne, wannan kuma sakacinmu ne, kamar gina gida a hanyar ruwa da cika magudana da leda.

To, ga hujja a hannu. Wace ƙofa za a ƙwanƙwasa? Nan ne matasa da yawa ke ɓata ƙarfinsu. Su rubuta wa minista kan abin da mai gari zai warware da safiya ɗaya, ko su tsare mai gari da abin da sai Yamai. Maganar iyakar gona, da burtali, da takardar shaidar gado, ko saye, ko aro, ko jingina, ta hukumar filaye ce da muke kira Kofo, kuma tana da matakai: ta ƙauye, wadda mai gari ke shugabanta, ta ƙaramar hukuma, da ta gunduma. Maganar sara da sassabe da tara, ta ma'aikatan gandun daji ce. Maganar magudanar ruwa, da rijiya, da gyaran fili, tana cikin tsarin raya ƙaramar hukuma da kasafin kuɗinta na shekara. Tun watan Afrilu 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda aka naɗa ne ke riƙe da ragama, amma ofishin na nan, ma'aikatan na nan, kasafin ma ana yin sa. Kuma ana shirya shi ne kafin sabuwar shekara ta kama. Wanda ya kawo buƙatarsa cikin Maris, bayan an rufe lissafi, sai dai a ce masa Allah Ya kai mu baɗi.

In kun samu shiga, ku shiga da buƙata ɗaya. Kada ku ce, "Muna kira ga hukuma ta yaƙi sauyin yanayi." Za a ce muku an ji, a raka ku bakin ƙofa. Ku ce, "Ranka ya daɗe, a unguwa kaza ɗaki kaza ne ya faɗi bara, ga sunayen masu su, ga hotuna. Ruwan daga wuri kaza yake kwararowa. Muna roƙo a sa yashe wannan magudanar cikin kasafin bana, mu kuma za mu kawo samari kaza da shebur." Ku bar takarda, ku riƙe kwafi, ku tambayi ranar da za ku dawo, kuma ranar ta yi ku dawo. Kafin ku je, ku bi ta wajen mai gari da liman, ku gaya musu abin da kuke nufi, in da hali ku tafi da dattijo ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari. Ladabi ba ya rage wa gaskiya ƙarfi, kuma babban da aka kunyata a bainar jama'a ko a Facebook, ko ya san kuna da gaskiya, da wuya ya sa hannu.

Akwai wanda ba na so ku manta da shi, shi ne makiyayi. Itacen da manomi ke reno, shi ne makiyayi ke hange cikin bazara sa'ad da ciyawa ta ƙare. In ba a zauna tare ba, sai sara cikin dare, sai faɗa. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye ta jihar Maradi, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa manoma maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, suka yi ƙa'idojinsu da kansu, har ƙauyen ya zama wurin da ake kai baƙi su koya. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. Matashin da ke neman adalci daga manyan ƙasashe, alhali an cinye burtalin garinsu ya yi shiru, ya fara gyara ta gida. Ku jawo samarin ruga cikin ƙungiyarku tun ranar kafa ta.

A matakin ƙasa kuwa, ƙofar ita ce majalisar CNEDD da aka kafa a 1996 ƙarƙashin ofishin firaminista. Ita ke kula da alkawuran da Nijar ta ɗauka ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 2015, waɗanda kowace ƙasa ke sabuntawa duk shekara biyar. Nijar ta sabunta nata a 2021. Lokacin sabuntawa akan nemi jin ta bakin ƙungiyoyin fararen hula, irin su JVE ta matasa masu kare muhalli. Ɗalibanmu da ke jami'ar André Salifou a Damagaram su ne gadar da za ta ɗauki littafin ƙauye ta mayar da shi rahoton da za a karanta a Yamai.

Yanzu maganar adalci tsakaninmu da duniya. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma ba su suka ɓata sararin sama ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin man fetur da kwal da ke ɗumama duniya. Abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara ya ninka na ɗan Nijar fiye da sau ɗari. Amma a daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba don jama'a na kwana a azuzuwa. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a gaban idon mutane. Masanan da suka bibiyi ruwan wannan shekara sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin 100 a yankinmu. Wannan shi ake nufi da asara da ɓarna, kuma akwai asarar da kuɗi ba ya mayarwa.

Me aka alkawarta? A 2009, a Kofanhagan, ƙasashe masu arziki sun ce za su riƙa ba da dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020. Ba a cika ba sai 2022, kuma kaso mafi yawa na kuɗin gwamnatoci bashi ne da za a biya. A 2022, a Sharm el-Sheikh ta Masar, aka amince da kafa asusun asara da ɓarna, a Dubai cikin 2023 aka yi alkawarin zuba masa wajen dala miliyan 700, abin da bai kai ko kusa da ɓarnar shekara ɗaya ba. A Baku, cikin 2024, aka tsayar da biliyan 300 a shekara zuwa 2035. Duk sa'ad da kuka ji an ambaci irin waɗannan kuɗi, ku yi tambaya uku: kyauta ne ko bashi? Ta hannun wa zai bi? Nawa zai iso Dungu ko Tsauni? Kuma in kun tashi magana, kada ku yi ta da muryar bara. Mutanen da suka rayar da itatuwa miliyan 200 da gatarinsu, itatuwan da ke shanye hayaƙin da wasu suka fitar, haƙƙinsu suke nema.

Kada wani ya ce mu ƴan ƙauye wa zai ji mu. A 2019 ɗalibai 27 masu karatun shari'a a Banuwatu, wata ƙasar tsibirai a tekun Fasifik da jama'arta ba su kai na gundumar Kance ba, suka yanke shawarar kai maganar sauyin yanayi Kotun Duniya da ke Heg. Ba su da ikon shigar da ƙara, don haka suka fara da rubuta wa shugabannin yankinsu. Gwamnatin Banuwatu ta ɗauka, ta bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, har ranar 29 ga Maris 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a tambayi kotun. Ranar 23 ga Yuli 2025 alƙalan suka ba da fatawa baki ɗaya cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda ta saɓa ana iya neman diyya a wurinta. Fatawa ce, ba ta tilasta kowa biya gobe ba, amma yanzu lauyoyi da masu tattaunawa na da abin riƙewa. Shekara shida yaran nan suka yi a kan buƙata ɗaya tak.

Gargaɗi ɗaya kafin lokaci ya cim mana. Tunda duniya ta gane darajar itatuwanmu, akwai masu zuwa da zancen kasuwar kabon, wato a biya manomi don itacensa na shanye hayaƙi, kamfanin da ke can ya sayi wannan lissafin. Abin na iya zama alheri, yana kuma iya zama tarko. In aka kawo takarda garinku, matasa masu karatu ku zauna ku karanta wa iyayenku ita layi-layi kafin kowa ya dangwala yatsa. Shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗauka? Manomi zai ci gaba da sassabe da yankar reshe? In fari ya kashe itacen, wa zai ɗauki asarar? Kashi nawa ne na manomi, nawa ne na dillali? Gonar da ke hannun mace, ko ta aro, wa za a biya? In mai takardar ya ce ku yi sauri, ku ce masa sai kun kai ta Kofo an duba.

Ga aikin da na bar wa kowace fada da kowace ƙungiyar ƴan mata a wannan mako. Ku zaɓi gona ɗaya, ku nemi izinin mai ita, ku ƙirga itatuwan da ke ciki: gawo nawa, kalgo nawa, aduwa, magarya, kuka, kowanne da adadinsa, manya daban, ƙanana daban. Sannan ku zauna da mai gonar ku tambaye shi nawa ne a ciki a shekarar El-Buhari. Ku rubuta, ku aiko mana nan gidan rediyo da sunan garinku, za mu karanta. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauko dokar nan ta 30 ga Yuli 2020 mu bi ta sashe-sashe da Hausa, mu ga abin da ta halatta wa manomi da abin da har yanzu sai da izini, musamman kan itatuwan da doka ta kare irin su gawo. Mai tambaya ya tanade ta.



(Kiɗan rufe shiri)